BABI NA TAKWAS: TSAIKO DA KATANGA A SANA'AR GINA MANHAJA

8.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba wata al'ada da ta samu gindin zama a tsakanin matasa masu sana'ar gina manhajar kwamfuta, wato tarurrukan ƙara wa juna sani da sukan shirya wa kansu, tare da ɗaukar yankin Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen nazari. Za a mayar da hankali ga batutuwa biyu da suka daɗe suna ɗaukar hankalin masu wannan sana'a a ko'ina suke. Na farko shi ne yadda za a tsara manhaja ba tare da an ɗaure ta da kayan aikin wani kamfani ba. Na biyu kuwa shi ne yadda ake warware saɓani idan ya ɓullo a tsakanin abokan aiki.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa mai shirin zama malami da zancen manhaja. Amsar ita ce, da wuya a yau malami ya gama aikinsa ba tare da ya haɗu da manhaja ba. Da ita ake yi wa ɗalibai rajista, da ita ake tattara sakamakon jarrabawa, kuma tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Idan manhajar makaranta ta lalace, makin yara ne zai salwanta, kuma malamin aji iyaye za su fara tuhuma. Bugu da ƙari, malamin Hausa shi ne aka ɗora wa nauyin samar wa sababbin abubuwa sunaye da yi wa jama'a bayaninsu cikin harshen da suke ji. Ba kuwa zai iya raɗa wa abu suna ba alhali bai san yadda abin yake aiki ba.

8.1 Samaru da Sabon Gari

Sabon Garin Zariya ya kafu ne a sakamakon zuwan jirgin ƙasa, bayan da layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya a shekarar 1911. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da masu sana'o'in hannu daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka zauna a wajen ganuwar birni, shi ya sa har yanzu ake jin Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin kasuwa a layi guda. Samaru kuwa garin ilimi ne. Tun a shekarun 1920 aka fara binciken aikin gona a wurin, sannan a shekarar 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda babbar harabarta take a kan hanyar Sakkwato. A cikin wannan haraba ne aka kafa cibiyar kwamfuta wadda aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Duka wuraren biyu suna cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari.

Wannan haɗuwa ta kasuwa da makaranta ita ce ta ba sana'ar manhaja kasuwa a yankin. Bayan shigowar wayar salula a shekarar 2001, shagunan buga takardu da na shiga intanet sun yawaita a Samaru, inda ɗalibai suke kai kundayen bincikensu a buga musu. A yankin PZ na Sabon Gari kuma aka samu masu sayar da wayoyi da kwamfutoci da masu gyaransu. Ɗalibin da ya koyi rubuta manhaja a Samaru yakan samu abokin cinikinsa na farko a Sabon Gari: makaranta mai zaman kanta da ke son na'ura ta fitar mata da sakamako, ko kantin magani da ke son sanin abin da ya rage a ma'ajiya, ko ƙungiyar adashi mai neman tsare lissafinta.

8.2 Yadda Taron Yake Gudana

Taron masu manhaja ba baƙon abu ba ne a duniya. A shekarar 1955 masu amfani da kwamfutocin kamfanin IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar abin da kowa ya rubuta. A 1975 kuma wasu masu sha'awar haɗa kwamfuta da hannunsu suka fara taruwa a jihar Kalifoniya, kuma a gaban wannan taro ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko. A Nijeriya, ƙungiyoyin da kamfanin Google yake tallafa wa, waɗanda ake kira GDG, sun yi ta shirya bikin shekara-shekara mai suna DevFest a garuruwa irin su Kano da Kaduna. Haka nan ƙungiyoyin ɗaliban kimiyyar kwamfuta sukan shirya nasu a makarantu.

Tsarin irin wannan taro ba shi da wani ƙawa. Akan ari aji ko ƙaramin zaure, galibi a ƙarshen mako. Mutum ɗaya ko biyu su gabatar da jawabi na ɗan lokaci, a haska abin da suka rubuta a bango, sannan a buɗe fagen tambaya. Ba a ba da takardar shaida mai nauyi, ba a kuma biyan mai jawabi wani abin kirki. Abin da ya bambanta shi da lacca shi ne, ɗan aji biyu yana iya tsayawa ya koyar alhali malamin jami'a yana zaune yana saurare. Taron yana da rauninsa. Ya dogara da wutar lantarki da kuɗin intanet, ya kuma dogara da kalandar makaranta. Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya watsa ɗalibai zuwa garuruwansu, ga shi kuma duk shekara ƙwararrun cikinsu sukan gama karatu su tafi bautar ƙasa. Wannan yawan sauyin hannu yana daga cikin dalilan da suka sa batutuwan nan biyu suke da nauyi a wuri irin Samaru.

8.3 Ma'anar Tsaiko

Manhaja jerin umarni ce da aka rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe da take ganewa, kamar Python ko PHP ko JavaScript. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja take buƙata: karɓar sunan mai shiga da kalmarsa ta sirri, nuna shafi a fuskar na'ura, adana bayani a rumbu da ɗauko shi. Maimakon kowa ya sake rubuta waɗannan tun daga tushe, sai wasu ƙwararru suka haɗa su wuri guda suka ba jama'a. Wannan haɗaɗɗen shiri shi ne masu sana'ar suke kira firemwok. Daga cikin sanannu akwai Ruby on Rails na 2004, da Django na 2005, da Laravel na 2011, da Flutter wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2018.

A wannan babi an zaɓi a kira shi tsaiko, kuma yana da kyau ɗalibi ya lura da dalilin zaɓin, domin darasi ne a fannin ƙirƙirar kalmomi. A ginin ɗakin gargajiya, bayan an tayar da katanga, akan haɗa tsaiko a ƙasa da gora ko gwangwala, a ɗaure shi da tanka, sannan jama'a su taru su ɗora shi a bisa katangar a baibaye da shuci. Tsaiko shi ne yake yanke faɗin jinka da tsayinta, mai baibaya kuwa bin sa yake yi. Haka firemwok yake: shi ne yake faɗa wa magini inda zai ajiye kowane sashe na aikinsa, shi ne kuma yake kiran wannan sashe idan lokacin aikinsa ya yi. An yi tunanin kalmar ƙwarangwal, sai dai tana da illa guda. Ba a cire wa mai rai ƙwarangwal a sa masa wani, alhali tsaiko, idan gara ta ci shi, sauke shi ake yi a ɗora sabo, katanga tana nan inda take. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ake bukata.

Gara kuwa tana cin tsaikon manhaja. Kamfanin Google ya fitar da AngularJS a shekarar 2010, dubban kamfanoni suka gina ayyukansu a kansa. A 2016 sai aka fito da sabon Angular wanda aka sake rubutawa daga farko, ta yadda tsohon aiki ba ya hawa kansa sai an yi masa gagarumin gyara, kuma a ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohon. Haka aka daina kula da bugu na biyu na harshen Python a ranar 1 ga Janairu, 2020, aka kuma rufe babin Adobe Flash a ƙarshen wannan shekara, tare da ɗimbin wasannin koyar da yara da aka gina da shi. Babu wanda ya nemi shawarar mai makaranta a Sabon Gari kafin a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce.

8.4 Raba Katanga da Tsaiko

Tunanin ware sassan manhaja ya girmi yawancin masu halartar tarurrukan yau. A shekarar 1972 David Parnas ya rubuta wata maƙala inda ya nuna cewa ya kamata a raba manhaja ta yadda duk wani abu mai yiwuwar sauyawa zai kasance a ɓoye cikin sashe guda, domin idan ya sauya kada gyaran ya bazu ko'ina. A 2005 Alistair Cockburn ya bayyana wani tsari da ya kwatanta da soket da adafta. A 2017 kuma Robert C. Martin ya fitar da littafinsa mai suna Clean Architecture, wanda ya ƙara yaɗa wannan ra'ayi. Dukkansu sun haɗu a kan abu guda: dokokin aikin da aka gina manhajar dominsa su zauna a tsakiya, kada su san komai game da tsaiko ko rumbun bayanai ko fuskar na'ura. Na waje shi ne zai san na ciki, ya kuma bi shi.

Misali daga kwalejin ilimi zai fayyace wannan. A tsarin da aka saba da shi a karatun NCE, aikin aji yana da maki 40, jarrabawa tana da 60. Wanda ya samu 70 zuwa sama yana da A mai daraja 5, daga 60 zuwa 69 B mai daraja 4, daga 50 zuwa 59 C mai daraja 3, daga 45 zuwa 49 D mai daraja 2, daga 40 zuwa 44 E mai daraja 1, ƙasa da haka kuwa faɗuwa ce. A ɗauka ɗaliba ta yi kwas uku. A na farko mai nauyi 2 ta ci 72, ke nan 5 sau 2, wato 10. A na biyu mai nauyi 2 ta ci 55, ke nan 3 sau 2, wato 6. A na uku mai nauyi 1 ta ci 47, wato 2. Jimla 18, a raba da nauyi 5, matsakaicin darajarta ya zama 3.6. Wannan lissafi shi ne katanga. Haka yake tun ana yin sa da biro a babban rajista, haka zai kasance ko da wace na'ura aka yi shi.

Magini mai gaggawa yakan cusa wannan lissafi a cikin shafin da ke nuna sakamako, ya cakuɗa shi da umarnin launin rubutu da na ɗauko suna daga rumbu. Aikin zai yi sauri, mai makaranta zai yi murna. Ranar da aka ce ana son iyaye su riƙa ganin sakamako ta waya, sai a sake rubuta lissafin a wuri na biyu. Ranar da aka ce a buga shi a takarda, a rubuta na uku. Daga nan idan hukuma ta sauya makin cin jarrabawa, aka gyara wuri biyu aka manta da ɗaya, yaro guda zai ci a takarda ya faɗi a waya. Magini mai lura kuwa yakan rubuta lissafin sau ɗaya a keɓe: a ba shi maki da nauyi, ya mayar da daraja, bai san daga ina makin ya fito ba, bai kuma san inda za a kai amsar ba. Shafin intanet da waya da na'urar buga takarda duk wurinsa za su zo tambaya. Wani amfanin kuma shi ne ana iya gwada shi da ɗaruruwan misalai cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da intanet ba, abin da ba ƙaramar riba ba ce a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa.

Kwatancen soket ya fi fitowa fili a harkar biyan kuɗi. A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa ma'aikatu da manyan makarantunta mayar da kuɗaɗensu asusun bai-ɗaya na TSA, aka koma karɓar kuɗin makaranta ta hanyar Remita. Manhajar da aka gina ta tana magana kai tsaye da wani banki a kowane lungu nata, dole a bi ta lungu-lungu a gyara. Wadda kuwa aka yi mata soket guda mai tambaya ɗaya, wato ko wannan ɗalibi ya biya, adafta kawai za a sauya mata, kamar yadda mai waya yake sayen sabon kan caja a PZ ba tare da ya fasa bangon ɗakinsa ba.

Malamin Hausa ma ya taɓa ɗanɗana wannan a fagensa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun a shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya. Da kwamfuta ta zo, allon bugunta ba shi da su. A shekarun 1990 aka samar da zanen haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u babban amfani a lokacin da babu wata mafita mai sauƙi. Sai dai dabarar irin waɗannan zane-zane ita ce aron gurbin wata alama a ɗora mata siffar harafin Hausa. Idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zane, ƙ da ɗ sukan rikiɗe su koma baƙin alamomi. A tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin, ko da wane zane aka nuna shi. Wanda ya adana kundinsa ta wannan hanya ya raba katangarsa da tsaiko, ko da bai taɓa jin sunan Parnas ba.

Ba kowa ne ya yarda a kai wannan tsari maƙura ba. David Heinemeier Hansson, wanda ya ƙirƙiro Ruby on Rails, ya yi suka a shekarar 2014 cewa yawan shinge tsakanin sassa don kawai a ji daɗin gwaji yakan ɓata tsarin manhaja ya ƙara mata nauyi. Akwai gaskiya a maganarsa. Shafin sanarwar bikin yaye ɗalibai da za a yi amfani da shi mako biyu ba ya bukatar soket da adafta. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambayi tsawon rayuwar da ake sa ran bayanin zai yi. Sakamakon jarrabawa abu ne da mai shi zai iya dawowa nema bayan shekara ashirin, lokacin da tsaikon da ake yayi yau ya daɗe da zama tarihi.

8.5 Saɓani a Tsakanin Abokan Aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, manhaja mai girma ma haka take. Inda kuwa aka ce zo mu zauna, an ce zo mu saɓa. A shekarar 1968 Melvin Conway ya lura cewa tsarin abin da ƙungiya ta gina yakan yi kama da tsarin yadda mutanenta suke magana da juna. Ke nan idan mutum biyu ba sa ga maciji, sassan da suka rubuta ma da ƙyar za su haɗu. A nan ne batun farko ya sadu da na biyu.

A ƙaddara matasa uku sun karɓi aikin gina wa wata makarantar sakandare a Sabon Gari manhajar sakamako. Babbansu ya gama jami'a, ya ƙware a Laravel, yana son a gama cikin mako shida a karɓi kuɗi. Na biyu ya ji jawabi a taro a kan raba katanga da tsaiko, ya dage sai an bi wannan hanya. Ta ukun, wadda take aji uku, ta lura da wani kuskure a lissafin babban, amma ta yi shiru. A zahiri gardamar ta fasaha ce. A ƙarƙashinta kuwa akwai abubuwan da ba a furta ba: wane ne shugaba, nawa kowa zai samu, wa zai ci gaba da kula da manhajar idan babban ya tafi bautar ƙasa.

Masana halayyar ma'aikata, irin su Karen Jehn a bincikenta na 1995, sun bambanta saɓani a kan aiki da saɓani a kan mutum. Na farko yana iya zama alheri idan an riƙe shi da kyau, domin da shi ake gano kuskure. Na biyu ɓarna yake yi. Matsalar ita ce na farko yakan rikiɗe ya zama na biyu cikin sauƙi, musamman a gari irin Sabon Gari inda abokan aiki sukan bambanta a harshe da addini, ta yadda gyaran layi guda zai iya samun fassarar da mai gyaran bai nufa ba. Tun a 1965 Bruce Tuckman ya nuna cewa sabuwar ƙungiya takan ratsa wani mataki na hayaniya kafin ta daidaita, don haka ɓullar gardama ba alamar rushewa ba ce. A 1974 kuma Kenneth Thomas da Ralph Kilmann suka kasa hanyoyin da mutane suke bi gida biyar: danniya, da kaucewa, da sakar wa abokin gardama, da raba-daidai, da haɗa kai a nemo mafitar da ta biya wa kowa bukata.

Daga cikin biyar ɗin, kaucewa ce ta fi bukatar a tsaya a kanta a ƙasar Hausa. Kunya da kawaici da girmama na gaba kyawawan ɗabi'u ne, an kuma gina tarbiyya a kansu. Amma kwamfuta ba ta san kara ba. Kuskuren da ƙanwa ta gani ta haɗiye don kada ta kunyata yayanta yana nan zaune, zai kuma fito ranar da aka raba wa iyaye sakamako, inda kunyar za ta fi girma. Mafita ba ita ce a koya wa yara tsaurin ido ba. Harshen Hausa yana da hanyoyin gyara wa babba ba tare da an zubar masa da girma ba, kuma fito da su aikin malamin harshe ne. Maimakon ta ce lissafinsa ba daidai ba ne, tana iya cewa: "Yaya, na gwada sashen nan da maki 39 da rabi, sai ya ba ni E. Ko haka makarantar ta ce a riƙa cikewa?" Ta kawo hujja, ta ɗora tambayar a kan aiki, ta kuma bar masa ƙofar fita. Daɗin daɗawa, tambayar tata ta tono wani abu: cike rabin maki ba hukuncin magini ba ne ko kaɗan, hukuncin makaranta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yawa daga cikin gardandamin magina sukan mutu da zarar an je an tambayi malamin da yake riƙe da rajista.

Masu sana'ar sun samar wa kansu wasu al'adu don rage irin wannan rikici. Akwai bitar aiki, inda ba a shigar da abin da mutum ya rubuta cikin babbar manhaja sai wani ya karanta ya amince, babba ne ya rubuta ko ƙarami. Tun a 1971 Gerald Weinberg ya yi kira ga magina da su daina ɗaukar abin da suka rubuta tamkar wani sashe na jikinsu. Bahaushe ya riga ya faɗi haka da ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai kuma rubuta shawara: duk lokacin da aka yanke wani babban hukunci, a rubuta shi a shafi guda tare da dalilinsa da abin da aka bari, tsarin da Michael Nygard ya yaɗa a 2011. Wanda aka ƙi ra'ayinsa yakan samu sauƙi idan ya ga an rubuta hujjarsa, wanda zai gaji aikin kuma ba zai sake tayar da tsohuwar gardama ba. Abin sha'awa, manhajar Git da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ake haɗa aikin mutane da yawa da ita, idan ta tarar mutum biyu sun gyara layi ɗaya ta hanyoyi mabambanta, ba ta zaɓar na kowa. Takan ajiye duka biyun gefe da gefe ta tsaya, sai mutanen sun zauna sun yanke.

Manyan ƙungiyoyin duniya ma ba su tsira ba. A Disambar 2014 wasu daga cikin maginan Node.js suka ɓalle suka kafa io.js saboda rashin gamsuwa da yadda kamfani guda yake riƙe da ragamar aikin. Ba a sasanta ba sai da aka kafa gidauniya mai zaman kanta, aka haɗe ayyukan biyu a Satumbar 2015. A Yulin 2018 kuma Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sauka daga matsayinsa na mai yanke hukuncin ƙarshe bayan zazzafar muhawara a kan ƙara wata 'yar alama a harshen. A farkon 2019 aka zaɓi majalisa mai mutum biyar ta maye gurbinsa. A duka biyun, abin da aka gyara a ƙarshe shi ne hanyar yanke hukunci. Wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya san tsarin sana'o'in gargajiya, inda magina da maƙera da mahauta kowa yake da sarkinsa, kuma an san gaban wanda za a je tun kafin rigima ta taso.

Ga matasan nan uku, wannan yana nufin zama guda kafin a rubuta layin farko, a fayyace rabon kuɗi da mai yanke hukunci idan an kasa daidaitawa, a kuma rubuta. A kan gardamar tsari kuwa, ba dole ne ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Ana iya amfani da Laravel don a cika alƙawarin mako shida, a ware lissafin maki shi kaɗai a keɓe tare da gwaje-gwajensa, a kuma tabbatar makarantar tana iya fitar da dukkan bayananta cikin fayil na gama-gari da kowace kwamfuta za ta buɗe. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya kamata duk malamin da aka sa a kwamitin sayen manhaja ya dage a kansa, ya kuma ga an gwada a gabansa kafin a biya kuɗi.

8.6 Aikin Aji da Jinga

1. An fifita kalmar tsaiko a kan ƙwarangwal a wannan babi. Ɗalibi ya kawo wata kalma ta uku daga wata sana'ar gargajiya, kamar saƙa ko ɗinki ko jima, ya bayyana inda ta dace da inda ta gaza.

2. Ɗalibi ya ɗauki shirin darasi guda da ya rubuta don koyarwar gwaji, ya ware abin da zai tsaya ko da an sauya littafin da hukuma ta amince da shi, da abin da zai faɗi tare da littafin.

3. A kasa aji rukuni-rukuni na mutum uku. Kowane rukuni ya shirya gajeriyar tattaunawa inda sabon malami zai nuna wa mataimakin shugaban makaranta kuskure a jadawalin maki, sannan aji ya tantance kalaman girmamawa da aka yi amfani da su, da kuma ko saƙon gyaran ya isa inda aka aika shi.